Bututun Gas da Gidajen Jama'a: Darasin da Na Koya a Unguwarmu

Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami na rubuta wannan ɗan bayani shi ne wata rigima da ta tashi a unguwarmu a Batsari lokacin dogon hutu, wadda saura kaɗan ta raba mahaifina da amininsa na shekara da shekaru. A kan shagon sayar da gas aka yi rigimar. Da muka komo makaranta na ba malaminmu na labarin ƙasa labari, sai ya ce mini abin da na gani somin-taɓi ne na wata babbar magana da ke tafe, watau maganar bututun gas da ake shimfiɗawa ya ratsa gonaki da garuruwa. Ya sa ni in bincika in rubuto. To, ga abin da na samo, inda na yi kuskure malamai su gyara mini.

Yadda rigimar ta tashi

Wani maƙwabcinmu ɗan kasuwa, wanda sahu ɗaya suke tsayawa da Baba a masallaci, ya yi niyyar buɗe shagon ɗura gas a ɗakin ƙofar gidansa. Ya sayo manyan tukwanen gas da sikeli daga Katsina, ya sa aka yi wa shagon fenti. Ga kuwa yadda wurin yake: dama da shi makarantar Islamiyya ce wadda yara kan cika da yamma, hagu da shi rumfar mai walda, a bakin hanya kuma wata tsohuwa na suyar ƙosai kowace safiya. Ranar da aka sauke tukwanen, kafin la'asar unguwa ta rabu biyu.

Baba yana cikin waɗanda suka ce ba su yarda ba. Hujjarsa ita ce abin da ya auku a Sabon Tasha ta Kaduna ranar 4 ga Janairu 2020, inda gas ya fashe a wani shagon ɗurawa ya hallaka mutane, har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, wanda ba gas ya je saye ba, yana shagon aski ne kusa da wurin. Baba ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Inna kuwa ra'ayinta dabam. Da dare muna cin tuwo na ji ta ce masa, "Malam, ku maza kuna tsoron wutar da ba ta zo ba, ni kuwa cikin hayaƙi nake wuni kullum. Ka ko san abin da damin itace ya kai a kasuwa?" Gaskiya ta faɗa. A shekarun da ɓarayin daji suka tsananta mana, shiga dajin Rugu neman itace ya zama sayar da rai ga mutanen Batsari da Safana, karan da ake tarawa bayan kaka kuwa ba ya kai mu bazara. Hayaƙin nan ma ba ƙaramin abu ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum fiye da miliyan 3 a duniya.

Kwana biyu ana ta cacar baki. Waɗansu samari ma har suka ce za su fasa ƙofar shagon cikin dare su zubar da tukwanen a kwata. Allah ya taimake mu wani dattijo, tsohon malamin firamare, ya ji labari ya hana su. Ya ce musu wanda ya buga tukunyar gas da ƙasa, shi ne zai jawo gobarar da yake gudu. Ya ce a zauna a rubuta abin da ake tsoro ɗaya bayan ɗaya, a kai wa mai unguwa. Da yake ni ne ɗan sakandare da ke kusa, ni aka ba takarda da biro.

A zauren mai unguwa Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ba abincin Alhaji muke so mu hana shi ba. Abu uku muke tambaya: ina takardar izninsa, taku nawa ne tsakanin tukwanen nan da wutar mai walda, kuma in wuta ta tashi da me za a kashe ta, ta ina yaran Islamiyya za su fita?" Alhaji ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi bai yi wannan lissafi ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai, har mako biyu ba ya amsa gaisuwar Baba sai da ƙyar. Amma daga baya ya sami wani fili a bayan gari, nesa da gidaje, ya kewaye shi, ya nemi izni. Ranar da zai ƙaura da kayan, Baba ne ya nemo masa amalanke. Inna kuma tana cikin waɗanda suka fara zuwa ɗurin 'yar tukunyarta.

Bututun da ya doso Arewa

Yanzu bari mu bar tukunya mu koma ga bututu. Nijeriya ta fi kowace ƙasa ta Afirka yawan gas a ƙarƙashin ƙasa, amma yawancinsa can yake a yankin Neja Dalta, inda aka shekara da shekaru ana ƙona shi a banza a bakin rijiyoyin mai. Mu kuwa nan Arewa rashin wutar lantarki na cikin abin da ya durƙusar da masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano. Domin haka ne ranar 30 ga Yuni 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun da ake kira AKK, watau Ajaokuta, Kaduna, Kano, ƙarƙashin kamfanin mai na ƙasa, NNPC. Tsawonsa kilomita 614, faɗin bakinsa inci 40, watau kimanin mita ɗaya. Ya taso daga Ajaokuta a Jihar Kogi, ya bi ta Abuja da Kaduna, ya nufi Kano. A 2025 aka ba da sanarwar an ƙetare da shi ta ƙarƙashin kogin Kwara, wanda ke cikin wuraren da suka fi ba ma'aikatan wahala.

Wani zai ce, to, mu ina ruwanmu, tun da a Kano ya tsaya? Amsa ita ce akwai wani shiri da ya fi wannan girma, na kai gas ɗin Nijeriya ta cikin Nijar zuwa Aljeriya, ya ratsa hamadar Sahara, tafiyar fiye da kilomita 4,000, daga can a sayar wa Turai. Ƙasashen uku sun sa hannu a kan takardar fahimtar juna a Yuli 2022. Wanda ya duba taswira zai ga Jihar Kano ba ta yi iyaka da Nijar ba. Duk abin da zai tashi daga Kano ya shiga Nijar kai tsaye, tilas ya bi ta ƙasar Katsina ko ta Jigawa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne wata rana Bakatsine ya tashi ya tarar da masu awon ƙasa suna kafa turaku a gonarsa. Ban da wannan ma, da yawanmu muna da 'yan'uwa a Zariya da Kaduna da Kano, kuma waɗansunmu can za su zauna in sun gama karatu.

Akwai abu guda da ya kamata iyayenmu mata su sani tun yanzu. Gas ɗin da ke bin wannan bututu dabam yake da wanda ake ɗurawa a tukunyar girki. Na bututu tashoshin lantarki da masana'antu da motoci masu aiki da gas aka yi wa shi. Don bututu ya ratsa gonarka ba shi ke nuna gas zai shigo madafarka ba, ko lantarki ya zo ƙauyenku. In ana so a sami wani abu irin wannan, sai an nema tun da wuri an kuma rubuta shi a takarda.

Yadda yake aiki da inda hatsarin yake

Bututun gas guntayen ƙarfe ne masu kauri da ake haɗawa da walda, a shafe bayansu da abin da zai hana tsatsa, a binne su cikin rami mai zurfin mita ɗaya ko fiye. Injuna ne ke tura gas ɗin da matsi mai tsanani, wanda ya ninka na tayar mota sau da yawa. A kan hanya ana sa manyan makullai nesa-nesa, domin in wani wuri ya fashe a rufe gaba da baya. Lokaci lokaci kuma akan tura wata na'ura ta bi cikin bututun tana duba inda ƙarfe ya ci ko ya tsage. A sama kuwa akan bar wani zirin fili dama da hagu, a kafa masa turaku da allunan gargaɗi. Wannan fili shi ne hurumin bututu. Ba a gini a kansa, ba a haƙa rijiya ko masai, ba a dasa itace mai dogon saiwa.

Malaminmu na kimiyya ya nuna mini bambancin gas ɗin nan biyu. Na tukunya ya fi iska nauyi, in ya tsiyaye sai ya kwanta a ƙasa ya bi kwata da ramuka, shi ya sa wutar mai ƙosai da ke ƙasa ta zama abin tsoro a unguwarmu. Na bututu kuwa ya fi iska sauƙi, sama yake yi. Yakan kama wuta in ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wurin. Shi kansa ba shi da wari. Warin nan da muke ji a tukunyar girki wani sinadari ne ake zubawa da gangan don hanci ya gane, kuma ba kowane babban bututu ake zuba wa shi ba. Alamun tsiyaya su ne ƙara kamar ta hucin maciji ko rurin iska, ƙura na tashi daga ƙasa alhali babu iska, ruwan kududdufi na ɓulɓula, ko ciyawa ta bushe a wuri guda cikin damina. Wanda ya ga haka kada ya ƙyasta ashana, kada ya ta da babur. Ya yi nisa da ƙafa ta wajen da iska ke busowa, ya gargaɗi jama'a, sa'an nan ya kai rahoto.

Gaskiya ita ce bututun da aka yi da kyau ake kuma kula da shi ya fi tankokin da ke faɗuwa a hanyoyinmu aminci. Sai dai ranar da babban bututu ya fashe ya kama wuta, zafinta na iya cin abin da ke nesa da shi fiye da tsawon filin ƙwallo biyu. Watau hatsarin ba ya yawan aukuwa, amma in ya auku ba ya barin na kusa. Shi ya sa duk gardamar da ake yi a duniya a kan wannan al'amari ta taru a kan tambaya ɗaya, irin wadda Baba ya yi a zaure: taku nawa ne tsakaninsa da inda mutane ke kwana?

Gani ga wane

Abubuwa uku ne suka fi jawo fashewar bututu, kowanne kuma da misalinsa. Na farko shi ne huda shi ko ɗibar abin da ya tsiyaye. Ranar 18 ga Oktoba 1998 a garin Jesse na Jihar Delta, bututun fetur ya fashe, jama'a suka taru da jarkoki da bokitai suna ɗiba, wuta ta tashi, aka rasa rayuka fiye da 1,000. Samari su lura, gas ba ya ɗebuwa a jarka. Wanda ya huda bututun gas ba abin da zai samu sai ajalinsa da na maƙwabta.

Na biyu shi ne tono ba da sani ba. Ranar 15 ga Mayu 2008 a unguwar Ijegun ta Legas, wata katafila da ke aikin hanya ta daki bututun fetur da ke binne, wuta ta bi gidaje ta doshi makarantu, mutane da yawa suka mutu, har da 'yan makaranta irinmu. Har wa yau a Legas, ranar Lahadi 15 ga Maris 2020, aka yi wata mummunar fashewa a Abule-Ado kusa da hanyar bututu, ta rushe gidaje da makarantar kwana ta 'yan mata mai suna Bethlehem. Fiye da mutum 20 suka rasu, cikinsu har da shugabar makarantar, Sista Henrietta Alokha, wadda ta tsaya fitar da ɗalibanta. An yi saɓani a kan musabbabin: kamfanin mai ya ce mota ce ta daki tukwanen gas da ke kusa, binciken BBC kuwa ya nuna tsiyaya ce daga bututun. Ko wanne ne, abu guda ya tabbata, gidaje da makaranta da bututu sun matsi juna.

Na uku shi ne aiki marar kyau da rashin kulawa, wannan kuwa har ƙasashen da suka ci gaba bai bari ba. Ranar 9 ga Satumba 2010 a garin San Bruno na Amurka, bututun gas mai inci 30 da aka binne tun 1956 ya fashe a tsakiyar unguwa. Mutum 8 suka mutu, gidaje 38 suka ƙone ƙurmus. Bincike ya gano waldar ce ba ta yi kyau ba tun farko, kuma sai da aka yi minti 95 kafin a iya rufe gas ɗin, wuta na ta ci.

Waɗanda suka ce ba su yarda ba

Mutanen da suka san irin waɗannan labarai ba za a ga laifinsu ba in sun ɗaga murya. Zan kawo misali biyu, ɗaya na gida ɗaya na waje.

Akwai wani bututun gas mai tsawon kilomita 678 da ya tashi daga Nijeriya ya kai Binin da Togo da Gana. Kafin ya shiga teku ya ratsa gonaki da ƙauyukan yankin Badagry a Jihar Legas. Mutanen wurin suka ga diyyar da aka biya su ba ta taka kara ta karya ba, suna kuma tsoron lafiyarsu. Ba su ƙona mota ba, ba su fasa bututu ba. Suka haɗa kai suka yi ƙungiya, a 2006 suka rubuta ƙara zuwa ga kwamitin bincike na Bankin Duniya, domin bankin yana cikin waɗanda suka tsaya wa aikin. Kwamitin ya aiko mutane suka duba, a 2008 ya fitar da rahoto cewa lalle abin da aka biya ya gaza abin da aka tsara nesa ba kusa ba, aka koma aka yi wa mutane ƙari. Takarda ce ta yi musu wannan aiki.

Na biyu a ƙasar Ayilan ne, maƙwabciyar Ingila. Kamfanin Shell ya so ya bi da bututun ɗanyen gas ta wani ƙauyen manoma da masunta mai suna Rossport, kusa ƙwarai da gidaje. A 2005 mutum 5 na ƙauyen suka ƙi bin umarnin kotu na su bar ma'aikata su shiga, aka ɗaure su kwana 94. Abin ya girgiza ƙasar. A 2009 hukumar tsara ƙasa ta ce kusan rabin sabuwar hanyar da aka kawo ma ba ta karɓuwa saboda kusancinta da gidaje. A ƙarshe sai da aka haƙa rami mai tsawon kusan kilomita 5 ta ƙarƙashin wani sashen ruwan teku aka bi da bututun, gas bai fara gudu ba sai a Disamba 2015. Sun yi nasarar kawar da shi daga ƙofar gidajensu. Amma an biya da tsada, domin an shekara goma ana artabu da 'yan sanda, ƙauye ya rabu, maƙwabci ba ya gaida maƙwabci. Da na karanta wannan sai na tuna mako biyun da Alhaji ya yi ba ya kallon Baba, na ce ashe mu Allah ya rufa mana asiri.

Abin lura a nan shi ne, a duka wuraren biyu ba a fasa aikin ba. Abin da jama'a suka samu shi ne a sake hanya, a ƙara tsaro, a biya hakki. Wanda ya ce sam ba za a yi ba, da wuya ya yi nasara a kan gwamnati. Wanda ya ce a yi amma a matsa can, ga kuma dalilina, shi ne ake saurara.

Abin da doka ta ce

Kada iyayenmu su zaci talaka ba shi da ta cewa. Gaskiya ne Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, ta kuma ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a, har ta ambaci bututun mai a cikin dalilan. Amma tun 1956 aka yi dokar bututu wadda ta tanadi cewa masu awo ba za su shiga gida ko gonar da aka noma ba sai da yardar mai ita ko da sanarwar kwana 14, kuma kafin a ba da lasisi sai an yi shela an ba mai ƙorafi lokaci ya kawo ƙorafinsa, wanda aka yi wa ɓarna kuma a biya shi. Dokar ta kuma yi tanadi na musamman don kare maƙabartu. A 1992 aka yi dokar da ta wajabta bincika illar da babban aiki zai yi wa muhalli da jama'a kafin a fara, akan kuma baje rahoton na kwana 21 na aiki don kowa ya karanta ya yi magana. A 2021 sabuwar dokar man fetur ta kafa hukumar NMDPRA, wadda ke ba da lasisin bututu da wuraren ɗura gas, tana kuma sa musu ido.

Inda ake cin mu shi ne, shelar takan fito da Turanci a jarida ko a bangon sakatariyar ƙaramar hukuma, kwanakin su wuce ba wanda ya karanta. Sai ranar da katafila ta iso sa'an nan a fara kuka. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muddin hanyar bututu tana kan takarda, ana iya goge layi a ja wani. In an riga an binne ƙarfe, magana ta ƙare.

Nan ne aikinmu yake, mu 'yan makaranta. Mu ne za mu karanta wa iyayenmu takarda, mu fassara, mu rubuta amsa. In har irin wannan aiki ya zo, ga tambayoyin da ya kamata a kai gaban mai unguwa da dagaci da hakimi, a rubuce, a kuma ajiye kwafi:

1. A nuna mana taswira. Ta ina zai bi, mita nawa ne tsakaninsa da gida mafi kusa, da makaranta, da masallaci, da kasuwa, da maƙabarta?

2. Akwai wata hanya ta bayan gari da aka duba? In an ƙi ta, don me?

3. Inda ya kusanci gidaje, za a ƙara kaurin ƙarfe da zurfin rami kamar yadda ƙa'idar injiniyoyi ta ce? Ina makulli mafi kusa, minti nawa ake yi kafin a rufe shi?

4. Faɗin hurumin nawa ne, me aka yarda a shuka a kai bayan an gama? Ina burtalin dabbobi da hanyar ruwa za su koma?

5. Wa zai ƙirga diyya, da wane farashi, yaushe za a biya? Da yake galibi a kan abin da ke bisa ƙasa ake lissafi, kowa ya ƙirga ɗakunansa da rijiyarsa da kunyoyin rogonsa da mangwaronsa da ɗorawarsa a gaban shaidu tun kafin masu awo su zo, kada kuma ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba.

6. In an ga tsiyaya cikin dare, wa za a kira, ina motar kashe gobara mafi kusa?

Namu nauyin

Ba zan rufe ba sai na faɗi wadda ba ta yi mana daɗi. A wurare da yawa ba bututu ne ya tarar da gidaje ba, gidaje ne suka tarar da bututu. Akan binne shi a daji, bayan shekara ashirin gari ya faɗaɗa, a yanka filaye a sayar, wani ya tumɓuke turaku ya kafa harsashi, wani ya haƙa masai, wani ya buɗe gareji a kan hurumi. Mu ma mun san yadda ake cinye burtali da hanyar ruwa a garuruwanmu, sai damina ta zo a ce ambaliya. Jama'ar da ta nemi a nisanta mata bututu, tilas ita ma ta hana 'ya'yanta matsawa kusa da shi. Mai sayen fili ya tambaya kafin ya biya, masu unguwanni kuma kada su sa hannu a cinikin filin da ke kan hurumi komai kuɗin da aka kawo.

Jiya da na je gida na tarar da Alhaji da Baba a kan tabarma ɗaya suna cin gyaɗa. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ɗan boko, kai ne ka rubuta takardar da ta kore ni daga ƙofar gidana ko?" Na sunkuyar da kai na ce, "Baba Alhaji, a gafarce ni." Ya yi dariya ya ce wurin da ya koma ya fi masa, domin motar da ke kawo masa kaya tana juyawa ba tare da ya riƙa korar yara ba. Takardar nan tana nan a akwatin mai unguwa.

Allah ya kiyashe mu da gobara, ya ba ƙasarmu ta Batsari da Safana zaman lafiya mai ɗorewa, ya sa ilmin da muke nema ya amfani iyayenmu. Amin.